Dogon Hutun Mufida

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. Na ga saƙonninku, na kuma gode wa waɗanda suka tambaya ko lafiya na yi kwana tara shiru. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Abin da zan ba ku yau ne na rasa ta inda zan kamo shi.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Nazifa. A Agege aka haife ni, nan na yi karatu, kuma ina aikin gwajin jini a wani asibiti mai zaman kansa a Mushin. Mijina Sharif ya rasu shekara uku da suka wuce, tirela ce ta bi ta kan motarsu a Mile 2. Da na gama takaba na dawo ɗakin mahaifiyata, Inno, da 'ya ɗaya a hannu. Sunanta Mufida, shekararta shida.

Sunan nan da kuka gani, a rubuce kawai nake iya kawo shi. Tun ranar da aka raɗa mata shi, har zuwa abin da zan ba ku yau, ban furta shi da bakina ba. Ko a asibiti aka tambaye ni, rubutawa nake yi a takarda in miƙa. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunansa, ba ta ɗora shi a cinya a gaban manya, ba ta nuna cewa nata ne. Haka Inno ta yi wa yayana Jumare har ya tara gemu. Ni kuma na taso na ɗauka daga inda ta tsaya, duk da takardun makarantar da na tara. Idan zan kira yarinyar, “ke” nake cewa. Ita kuma ta ji yaran maƙwabta suna ce min Anti, sai ta bi sahu.

Wadda take kira Mama daban ce. Yaya Hansai ce, yayar marigayi, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ranar suna ta ɗauki jaririyar ta ce, “Wannan tawa ce,” mata suka yi guɗa, ni kuma na sunkuyar da kai kamar yadda ya dace. A Funtuwa take aure, amma duk bayan wata biyu takan sauka a Legas sarin robobi da kwanuka, ta kwana biyu a gidan wasu danginsu a layin bayanmu.

Lokacin karatu rayuwarmu a tsare take. Ƙarfe bakwai in ajiye yarinyar a makaranta in kama danfo, motar hayar Legas. Ana tashi da biyu, malaminsu ya riƙe su darasi har huɗu, daga nan su wuce islamiyya a jere, kafin a tashe su da shida na iso. Kowace awa da mai ita. Dogon hutu ne yake tsinka wannan igiya, mako bakwai cur, islamiyyar ma ta koma Asabar da Lahadi kawai.

Tun saura mako biyu a ba da hutu na fara kasa cin abinci sosai.

“Ki kawo min ita rumfa mana,” in ji Inno, tana kankare tukunya a tsakar gida. Tuwo take sayarwa a bakin mayankar Oko-Oba, daga asuba har magariba.

“Inno, kin manta bara?”

Ba ta manta ba. Bara wani bajimi ya tsinke igiya ya bi ta tsakanin rumfuna, ya kifar da tukunyar miya mai tafasa. A ƙarƙashin benci aka samo yarinyar, takalminta ɗaya a cikin miyar.

“To Ramatou fa?”

“Sun koma Ajegunle tun bayan azumi.” Ramatou maƙwabciyarmu ce 'yar Nijar, ita ta riƙe min ita sauran hutun bara.

“Ki tafi da ita wurin aikin naki, ta zauna a gefe.”

“Oga ya ce ba a shiga da yaro inda ake taɓa jini da allura. Gaskiyarsa ce kuma.”

“Sai a aika ƙauye a samo miki yarinya.”

“A ɗauko 'yar wasu mai shekara goma ta kula da mai shekara shida? Ita wa zai kula da ita?”

Inno ta ɗora tukunyar a kife, ta goge hannu da gefen zaninta. “Komai aka kawo sai ki ce a'a. 'Ya'yan mutane duk Arewa ake tura su hutu. Tana da dangin uba, Nazifa, ba daga sama ta faɗo ba.”

Ni da ita mun san yaran layinmu guda uku da aka tura hutu irin wannan. Har yau ba a dawo da ko ɗaya ba. Ana cewa hutu, makaranta ta buɗe a ce bari ya gama zango, daga nan ya zama ɗan riƙo.

Wata nas a wurin aikinmu ce ta faɗa min labarin Alhaja. Bayarabiya ce, tsohuwar malamar firamare, ta mai da garejin gidanta ajin hutu. Benci shida, darduma, allo, da fanka mai ƙara. Tana karɓar yara daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, ta ba su abincin rana, ta sa manyan su yi sallah. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikatan jinya ne da na banki da matan kasuwa. Abin da ya fi kwantar min da hankali dokarta ce: ba ta sakin yaro sai ga uwa ko uban da hotonsu ke wayarta, ko wanda su suka nuna mata da kansu.

Ranar Litinin ɗin farko ta hutu na shirya kai ta. Sai ga Yaya Hansai a ƙofa, cikin koren leshi da babban mayafi, ta sauka daren jiya.

“Mu je tare,” ta ce. “Ni ma in ga inda za a ajiye min 'ya.”

Alhaja ta karɓe mu da fara'a, tabarau a kan hanci, littafi a buɗe. Ta dube mu mu biyu, ta tambaya da Yarbanci wace ce uwar yarinyar.

Masu karatu, a nan nake so ku tsaya tare da ni. Yaya Hansai ba ta jin Yarbanci ko kalma ɗaya. Ni kuwa da shi na yi wasan ƙasa. Da na amsa, ba za ta ma san na ce komai ba. Amma yayar mijina tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni, sai harshena ya yi nauyi. Na dubi tayil ɗin ƙasa. Akwai wanda ya tsage a kusurwa, har yanzu ina iya zana muku yadda tsagin yake.

Da shirun ya yi tsawo, Alhaja ta sunkuya ta tambayi yarinyar. Mufida ta kama gefen mayafin Yaya Hansai ta ce, “Mama.”

“Wannan fa?”

“Anti.”

Alhaja ta ɗauki hoton Yaya Hansai, ta rubuta sunanta a gurbin uwa. Sannan ta ce in tambaye ta ko ta yarda Anti ta riƙa kawowa da ɗauka. Ni na fassara tambayar da bakina. Yaya Hansai ta yi dariya ta ce ta yarda. Aka ɗauki nawa hoton.

A danfo na ce wa kaina gobe zan gyara. Goben ta zo ina sauri. Jibi akwai iyaye a tsaye, na ji nauyin a ce ga matar da ta kasa cewa 'yarta tata ce. Kwanaki suka tafi. Kullum da yamma Alhaja ta hango ni sai ta ɗaga murya, “Antin Mufida ta iso,” ni kuma in amsa.

Yanzu bari in kawo muku Sabiru, tunda shi kuka fi tambaya.

Dillalin fata ne a mayanka, a rumfar Inno yake cin tuwon rana shekara da shekaru, a nan ya gan ni wata Asabar ina taya ta. Ya kusa arba'in, ya taɓa aure bai daɗe ba, babu ɗa. Mutum ne mai sanyin magana. Idan zai zo wurina yakan yi wanka sau biyu ya zuba turare, don yana tsoron warin gishirin fata, kuma duk da haka sai ya tambaya.

Lahadin da ta gabaci abin da zan faɗa, ya zo bayan la'asar cikin shadda ruwan ƙasa da hula zanna. Na fito da atamfata mai ganye da hijabi ruwan toka, muka zauna a bencin zaure, kowa a bakin nasa gefen.

“Malama Nazifa, yau ma ana ji?”

“Ana jin me?”

“Kin sani.”

“Turare ake ji, Malam Sabiru. Har layin baya.”

Ya yi dariya ya rufe baki da hannu. Ya ciro ledar biskit ya miƙa wa yarinyar da ke leƙe daga bayan labule, ta karɓa da hannu biyu ta ruga.

“Baffannina za su zo Lahadi ta sama, a sa rana,” ya ce. “Inno ta faɗa miki?”

“Ta faɗa.”

“Ba ki ce komai ba.”

“Allah ya kai mu.”

Ya jima yana juya makullin mashin ɗinsa a hannu. “Hajiyarmu ta tambaye ni zancen Mufida. Na ce ɗaki uku ne a gidan, ɗaya nata ne. Ta ce ba ɗaki take tambaya ba.”

“Me ka ce mata?”

“Na ce sai abin da kika ce.”

Na so in ji wani abu a ƙirjina a lokacin, godiya ko tsoro. Ban ji ba. Tun rasuwar Sharif haka nake, kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi aka manta ba a ce mata yaushe za ta sake ta ba. Ina ganin alheri in gane alheri ne, in yi wa mai shi addu'a, amma ba ya ratsa ni.

Bayan ya tafi Inno ta tare ni a ƙofar ɗaki.

“Shekara uku, Nazifa. Mutum mai hankali ya zo har gida, kina ba shi amsa kamar mai karanta sakamakon gwaji. Kuma ki sani, amarya ba ta shiga ɗakin miji da 'ya a hannu. Ko shi ya yarda, danginsa da idanu.”

“Ai ba ta tare wa kowa hanya ba.”

“Ke dai ba ki gani.”

Ranar Alhamis aka tashi da yayyafi. Na sa wa yarinyar doguwar riga ja da ƙaramin hijabi fari, na zuba mata taliya a kula ko da ba ta son abincin Alhaja, na ajiye ta bakwai saura. A wurin aiki doka ce mu bar waya a akwatin ajiya, ba ma taɓa ta sai an tashi. Ranar samfurin jini ya yi yawa, zazzaɓin damina ya cika asibitin. Sai huɗu da kwata na wanke hannu na buɗe akwatin.

Saƙo biyu.

Na farko muryar Alhaja ce, ƙarfe biyu da minti goma, cikin raha. Ta ce kada in wahalar da kaina zuwa yau, Mama ta zo da kanta ta ɗauki Mufida, ta ce tafiya za su yi. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Na biyu daga Sabiru, uku da rabi. Hoto ne. Yarinyar a kujerar doguwar mota, ta manna goshi da gilashi tana dariya, da lemon roba a hannu. A ƙasa ya rubuta: “Ga 'yar hutu ta samu kujerar taga. Direban abokina ne, na damƙa masa su. Ki kwantar da hankalinki.”

Na karanta sau biyu. Na mai da wayar jaka. Na tuna ban sa hannu a littafin tashi ba, na koma na sa. Har na gaishe da mai gadi.

Na kira Inno a hanya, wayarta a kashe. Ban kira Sabiru ba. Daga Mushin zuwa Oshodi danfo ya yi ta rarrafe a cikin ruwa, kwandasta yana faɗa da wata mata a kan buhun barkono. Daga Oshodi na kama wani. Na san motar Katsina ta tashar Agege ba ta tashi sai ta cika, takan kai shida. Ban yi kuka ba, ban yi wa direba magiya ba. Ina ta karanta “La haula wa la ƙuwwata illa billah” a zuci, ina kallon ɗigon ruwa yana bin gilashi. Sai da na sauka na hau okada na lura ashe farar rigar aiki tana jikina a kan atamfa.

Shida saura kwata na shiga tashar. Motar tana nan, injinta a kunne, ana ɗaure kaya na ƙarshe. Inno na fara gani, a tsaye ƙarƙashin rumfar mai shayi, da mayafin da take sawa in za ta biki. Ta bar tukunyarta da rana tsaka, abin da ba ta yi ko da zazzaɓi. Kusa da ita Sabiru ne cikin kayan aiki da takalmin roba.

Fuskarsa ta washe. “Ashe dai za ki zo. Inno ta ce kunya ba za ta bar ki ki yi rakiya ba.”

“Haka ta ce?”

“Ta ce kun gama magana tun…” Ya dubi Inno. Ya sake dubana. Bai ƙarasa ba.

Inno ta gyara mayafi. “Hutu ne. Mako huɗu ya rage. Ke kin huta da jigila, ita ta ga 'yan uwanta.”

“Ina jakarta?”

Yaron motar bai rufe wurin kaya ba tukuna. Na gane jakar, shuɗiya ce, ta Sharif. Na durƙusa a cikin taɓo na zuge ta. Kayan sallarta a sama. A ƙarƙashi kayan makaranta kala biyu a goge, da takalminsu, da katin sakamakon jarrabawa. Can ƙasa, a cikin leda, takardar haihuwarta. A ƙasan akwatina nake ajiye ta, kuma mutum ɗaya ne ya san wurin.

Na ɗaga rigar makarantar ina kallo. Maɓalli na biyu ni na ɗinke shi da baƙin zare, don farin ya ƙare.

“Wanda zai je hutu ba ya tafiya da wannan, Inno.”

“Ki rufe jakar nan, mutane suna kallo.”

Yaya Hansai ta sauko daga motar tana riƙe da ƙarfen ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, ita ma. “Nazifa, sannu da aiki. Ba don mu ɓata miki ba ne. Mun ga kina ta rabe-rabe da yarinya, yau gidan wannan, gobe garejin Yarbawa. A Funtuwa gida cike yake da mutane, ba wanda zai ce ina za a ajiye ta. Ke kuma ga aure a gabanki.”

“Da kin faɗa min, Yaya.”

“Da na faɗa miki me za ki ce? Za ki buɗe baki ki ce kin hana ni 'yata?”

Gaskiya ta faɗa. Sun san ba zan iya ba, a kan haka suka gina komai.

Wani dattijon kamasho mai jar hula ya matso da takardar fasinjoji. “Hajiya, in akwai magana ku gama, direba zai ja. Yarinyar ta wace ce a cikinku?”

Tambayar Alhaja ce ta sake dawowa, wannan karon da Hausa, a gaban mahaifiyata, da yayar mijina, da mutumin da ke neman aurena, da fasinja sittin.

Na taka zuwa jikin tagar. Tana can sama, tana lasar murfin lemo. Na ɗaga kai.

“Mufida,” na ce. “Sauko.”

Sunan ya fito a karkace, kamar kalmar wani yare. Ta leƙo ta taga tana neman wanda ya kira ta. Da ta ga ni ce, ta buɗe ido.

“Anti, ashe kin san sunana?”

Wasu mata a motar suka yi dariya. Inno ta juya baya ta rufe fuska da mayafi. Na ji wata tsohuwa tana cewa, “'Yar fari ce? Kai, zamani.”

“Na sani,” na ce. “Sauko, mu je gida.”

“Mama ta ce akwai jaki a can.”

“Akwai. Sauko.”

Sabiru ne ya hau ya riƙo hannunta ya sauko da ita. Bai dubi kowa ba.

Yaya Hansai ta riga ta danna waya. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ta miƙo min. “Ga Baba Malam. Ki faɗa masa da bakinki.”

Baba Malam mahaifin Sharif ne. Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa. Na karɓi wayar da hannu biyu, na tsinci kaina a durƙushe, ko da yake yana Funtuwa.

“Baba, ina wuni.”

“Lafiya lau, Nazifa. Ya haƙuri?” Muryarsa ta tsufa fiye da yadda na san ta. “Ni na ce a taho da ita. Kada ki ga laifin Hansai. Abin da ya rage mana na Sharif ke nan. Ke Allah zai ba ki wasu.”

“Baba, ka yi min afuwa.”

“Ina jin ki.”

“'Yata ce. Ni na haife ta. Ba zan iya ba da ita ba.”

Ina jin kukan akuya a bayansa, da wani yana alwala.

“To,” ya ce. “Ba zan ƙwace 'ya daga hannun uwa tana zaune ba miji ba. Allah ma bai ce a yi haka ba. Ki riƙe ta. Amma na ji an ce za a sa miki rana. Ranar da aka ɗaura, jikata ba za ta kwana a gidan wani ba. A ranar za a kawo min ita. Kin ji?”

“Na ji, Baba.”

“Allah ya yi miki albarka.”

“Amin.”

Na mai da wayar. Yaya Hansai ta sunkuya ta gyara wa Mufida hijabi, ta daɗe tana gyarawa ko da yake ba abin da ya same shi. Idanunta sun yi ja. Ta hau mota ba ta yi min sallama ba, kuma ban ga laifinta ba. Kamasho ya buga jikin motar, ta ja.

Inno ta riga ta yi gaba. Ina hango mayafinta yana ratsa masu talla har ta ɓace a kwanar titin jirgi.

Muka taka mu uku. Ruwan ya tsaya, an fara kiran magariba a masallacin tasha. Mufida tana tsakiya, hannunta a cikin nawa, a fili, a kan titi, inda kowa ke gani. Tafin hannun yana da ɗumi da danƙon lemo. Sabiru yana gefe da shuɗiyar jakar a kafaɗa. Ya ji duk abin da Baba Malam ya faɗa, don Yaya Hansai ta buɗe muryar wayar.

“Wallahi ban sani ba,” ya ce.

“Na san ba ka sani ba.”

“Ni na nema musu kujera. Har lemo na saya mata.”

“Ka yi abin da aka roƙe ka.”

Muka tsallake kwata. Ya ɗaga Mufida ya tsallakar da ita, ta ce masa takalminsa yana wari, ya ce ai na aiki ne, gimbiya, a yi haƙuri.

“Gobe Alhaja za ki mai da ita?”

“Can zan mai da ita. Zan je da wuri, akwai abin da zan gyara a littafinta.”

Ya gyaɗa kai. Muka wuce mai gasa masara, muka wuce shagon mai caji. Sai da muka iso bakin layinmu ya tsaya.

“Malama Nazifa, baffannina sun riga sun ɗinka kaya. Lahadi me zan ce musu?”

Na nemi abin da nake ji game da mutumin nan, na neme shi da gaske, don ya cancanci a nema. Na samu wani abu ƙarami can ƙasa, kamar garwashi a cikin toka. Na yi mamakin samunsa. Da ban same shi ba, da amsar ta fi sauƙi.

“Ka ce musu su dakata.”

“Har yaushe?”

Na dubi kan Mufida. Tana ƙirga kwatocin layin da yatsa, ta kai bakwai ta koma huɗu.

“Shekararta shida, Malam Sabiru.”

Liman ya tayar da sallah, maza suna wuce mu da sauri suna nannaɗe hannun riga. Na miƙa hannu in karɓi jakar.

Ya dubi hannun nawa, ya gyara zaman igiyar a kafaɗarsa, ya shige gabanmu zuwa cikin layin.